Sauya Ƙungiya Ne Ke Karya Ɗan Wasan Besbol, Ko Shekaru?

A watan Oktoban 2019 ƙungiyar Washington Nationals ta ɗauki kofin World Series, babban kofin ƙwallon besbol na Amurka, karo na farko a tarihinta. Mutum biyu ne suka fi kowa ɗaukar nauyin wannan nasara: Stephen Strasburg, mai jifa, wanda aka zaɓa gwarzon wasannin ƙarshe, da Anthony Rendon, mai bugu, wanda ya fi kowa kawo wa ƙungiyarsa maki a kakar, har 126. Da aka tashi daga kaka, dukansu biyu suka shiga kasuwa. Mai ƙungiyar ya fito fili ya ce aljihunsu ba zai ɗauki duka biyun ba. A watan Disamba, cikin mako guda, kowannensu ya sa hannu a kwantiragin shekara bakwai kan dala miliyan 245. Strasburg ya zauna a Washington, Rendon ya tattara ya koma Los Angeles Angels.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ji. Ana buga wasa 162 a kowace cikakkiyar kaka, amma Rendon bai taɓa wuce wasa 58 a kaka ɗaya ba tun da ya koma Angels: yau ƙugu, gobe wuyan hannu, jibi ƙashin ƙafa. Magoya bayan ƙungiyar suka sa shi gaba da zagi, wasu na cewa ya bi kuɗi ya bar inda tauraronsa ke haskawa, ga shi nan ya gani. To, Strasburg fa, da bai je ko'ina ba? Wasa takwas kacal ya ƙara yi wa Washington. Ciwon jijiya ya kama shi daga kafaɗa zuwa hannu, aka yi masa tiyata, bai dawo daidai ba, ya yi ritaya a 2024.

Na fara da waɗannan biyu ne domin sun rushe bayanin da ya fi saurin zuwa bakin masu kallo, wato cewa barin tsohuwar ƙungiya shi ne ke lalata ɗan wasa. Gaskiya ne manyan 'yan wasa da yawa suna raguwa bayan sun sauya riga. Amma idan aka bi labaransu ɗaya bayan ɗaya, za a ga ƙaurar kanta ba ita ce babbar mai laifi ba. Laifin yana ga lokacin da tsarin gasar ke ba mutum damar yin ƙaurar, kuma wannan lokaci ba ɗan wasa ne ya zaɓa wa kansa ba.

Kafin mu yi nisa, ga ma'aunai uku da za su yi ta fitowa, saboda wanda bai saba da wasan ba. A besbol mai jifa yana wurga ƙwallo, mai bugu yana ƙoƙarin dukanta da kulki ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu. Ana auna mai bugu da yawan bugun da ya yi nasara cikin kowace dama 1,000: wanda ya kai 300 gwani ne, matsakaicin gasar a 'yan shekarun nan yana wajen 245. Idan ya daki ƙwallon ta tsallake katangar fili gaba ɗaya, wannan shi ne bugun da ya fi kowane daraja, kuma mai yin 40 a kaka babban tauraro ne. Shi kuwa mai jifa, ana duba matsakaicin makin da ake ci a hannunsa a cikakken wasa mai zagaye tara: ƙasa da 3 gwaninta ce, sama da 5 matsala ce.

Tushen maganar yana cikin tarihi. Tun daga 1879 masu ƙungiyoyi suka fara saka wani sharaɗi da ya ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa, har ya zama ba shi da ikon tafiya ko da kwantiraginsa ya ƙare. Sai dai a sayar da shi, ko a yi musayarsa, ko a sallame shi. A 1969 St. Louis Cardinals ta yi musayar Curt Flood zuwa Philadelphia, shi kuma ya ƙi zuwa. Baƙar fata ne da ya yi wa ƙungiyar wasa shekara goma sha biyu, ya ce shi ba kadara ba ne da za a miƙa daga hannu zuwa hannu ba tare da an tambaye shi ba. Ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, ya sha kaye a 1972, kuma sana'arsa ta mutu a wannan gwagwarmaya. Amma ƙofar da ya girgiza ta buɗe a watan Disamban 1975, lokacin da mai shiga tsakani Peter Seitz ya yanke hukunci a kan batun Andy Messersmith da Dave McNally cewa sharaɗin ba ya ɗaure mutum har abada. A 1976 ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, ƙarƙashin Marvin Miller, ta daidaita da masu ƙungiyoyi: ɗan wasa zai sami 'yancin zaɓar inda zai je bayan ya cika shekara shida a babbar gasa.

Wannan shida ɗin ita ce mabuɗin komai. Yawancin 'yan wasa ba sa shiga babbar gasa sai sun yi 'yan shekaru a ƙananan rukunai, sukan iso suna da shekara 23 zuwa 25. Ƙara shida a kai, sai ka ga mutum ya sami 'yancinsa yana dab da 30 ko ya ɗan wuce. Masu nazarin alƙaluman wasan kuwa, tun daga Bill James a shekarun 1980, sun nuna cewa ganiyar mai bugu tana wajen shekara 27, daga nan sai gangara. Ido yana rage kaifi, hannu yana rage sauri, kuma a wasan da ƙwallo ke iso wa mutum cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, ɗan wannan ragi ya isa ya mai da gwani gama-gari. Ma'ana, tsohuwar ƙungiya ta riga ta ci moriyar shekarun ƙarfi a farashi mai sauƙi, sabuwar kuma tana sayen shekarun gangara da tsada. Mai bibiyar ƙwallon ƙafa zai ga bambancin nan take: can yaro ɗan shekara 20 yana iya komawa babbar ƙungiya idan an biya kuɗinsa, ya yi ganiyarsa a sabon wuri. A besbol, wanda ya tafi da ƙafarsa yawanci ya riga ya bar ganiyar a baya.

Babu labarin da ya fi na Albert Pujols fito da wannan. Ɗan Jamhuriyar Dominika ne da ya yi wa St. Louis wasa daga 2001 zuwa 2011. A waɗannan shekaru goma sha ɗaya ma'aunin bugunsa 328 ne, ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 445, an zaɓe shi gwarzon shekara sau uku, ya ɗauki kofi sau biyu. A watan Disamban 2011 Angels ta ba shi dala miliyan 240 na shekara goma, saura wata guda ya cika 32. Ya shiga sabuwar kaka ya yi wata guda bai tsallakar da ƙwallo ko sau ɗaya ba. A 2013 ciwon tafin ƙafa ya tsayar da shi a wasa 99. Jimillar zamansa a Angels ya tashi da ma'aunin 256, sau ɗaya ƙungiyar ta kai wasannin share fagen kofi, a 2014, aka kuma fitar da ita ba ta ci ko wasa ɗaya ba. A watan Mayun 2021 suka sallame shi kafin kwantiragin ya ƙare.

Mai kallo daga nesa zai ce Kalifoniya, inda Angels take, ita ce ba ta karɓe shi ba. Amma a duba shekarunsa huɗu na ƙarshe a St. Louis: 357 a 2008, sai 327, sai 312, sai 299 a 2011. Gangarar ta fara tun yana gida, a gaban magoya bayan da ke ƙaunarsa, a filin da ya sani kamar tafin hannunsa. Da ya zauna, da St. Louis ce za ta biya kuɗin tsufansa. Akwai masu kafa hujja da komawarsa St. Louis a 2022, inda yana ɗan shekara 42 ya farfaɗo ya tsallakar da 24, ya haura 700, ya rufe sana'arsa da 703. Ni ma wannan kaka ta taɓa min zuciya, kuma ba na musun cewa komawa gida ta ƙara masa kuzari. Sai dai a lura da yadda aka yi amfani da shi. Ba a ɗora masa tsaron fili kullum ba, kuma an fi fito da shi a kan masu jifa da hagu, waɗanda har a tsufansa yake iya musu. An ba shi aikin da ya yi daidai da ƙarfin da ya rage masa, abin da kwantiragin miliyan 240 bai bar Angels ta yi ba tsawon shekaru, domin da wuya a zaunar da mai irin wannan albashi a benci.

Waɗanda suka zauna a gida ma ba su tsira ba. Chris Davis ya tsallakar da 47 a 2015, Baltimore ta riƙe shi da dala miliyan 161, zuwa 2018 ma'auninsa ya faɗo 168. Ryan Howard haka ya ƙare a Philadelphia bayan jijiyar agararsa ta tsinke a 2011. Miguel Cabrera kuwa shi kaɗai ya isa darasi, domin ya ɗanɗana ɓangarorin biyu. Yana ɗan shekara 24 Florida Marlins ta yi musayarsa zuwa Detroit a ƙarshen 2007, kuma a sabon wurin ne ya zama gwarzon shekara sau biyu a jere, 2012 da 2013. Sannan Detroit ta tsawaita masa zama da dala miliyan 248. Ya tsallakar da 38 a 2016, daga 2017 har ya yi ritaya a 2023 bai ƙara wuce 16 a kaka ba. Ƙaurar da ya yi yana yaro ba ta rage shi da komai ba, zaman da ya yi yana babba bai kare shi daga komai ba.

Bayan shekaru akwai matsalar yadda ake yin cinikin. Ƙungiyoyi talatin ne a gasar, kuma idan babban ɗan wasa ya fito kasuwa, wadda ta fi kowa kyautata masa zato ita ce ke tayawa mafi tsada, ita ce kuma ke samunsa. Wanda ya fi kowa kyautata zato kuwa, sau da yawa shi ne ya fi kowa yin kuskure. Daɗin daɗawa, farashin yana bin kakar ƙarshe da mutum ya buga, ko da kuwa kakar ta fi ƙarfinsa na yau da kullum. Adrián Beltré bai taɓa wuce 23 a kaka ba sai a 2004, da ya tsallakar da 48 a ƙungiyar Dodgers. Seattle ta saye shi a kan wannan 48 ɗin, shekara mai zuwa ya yi 19. Josh Hamilton ya yi 43 a Texas a 2012, Angels ta ba shi dala miliyan 125, ya yi 21 a 2013. Ba a cika samun mutum ya maimaita kakar da ta fi kowace kyau a rayuwarsa ba, ko ya tafi ko ya zauna.

Sannan mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Tsohuwar ƙungiya tana da takardun asibitin ɗan wasan na shekara shida ko fiye. Ta san gwiwar da ke kumbura bayan doguwar tafiya, ta san ko yana zuwa atisaye da wuri, ta san halinsa idan abubuwa suka cije. Idan irin wannan ƙungiya tana da kuɗi amma ta bari ya tafi, akwai abin dubawa. Masanin tattalin arziki Matt Swartz ya bibiyi kwantiragin 'yan wasa masu 'yanci, ya gano cewa waɗanda ƙungiyoyinsu suka sake riƙewa sun fi biyan kuɗin da aka kashe a kansu, a jimlace, fiye da waɗanda wasu ƙungiyoyi suka ɗauka. Wasu na karanta wannan a matsayin shaidar cewa ƙaura na cutarwa. A ganina abin da ya nuna shi ne ƙungiyoyi sun iya tace wanda za su riƙe da wanda za su saki.

Amma kada a ɗauka mai ɗakin ba ya kuskure. Wasu daga cikin manyan nadamomin tarihin wasan daga nan suka fito. Boston Red Sox ta sayar wa New York Yankees Babe Ruth kan dala dubu 100 a ƙarshen 1919, yana ɗan shekara 24. Ya tsallakar da 29 a kakarsa ta ƙarshe a Boston, ya yi 54 a ta farko a New York, ya yi 59 a ta biyu, ita kuwa Boston ba ta ƙara ganin kofi ba sai 2004. Cincinnati ta rabu da Frank Robinson a ƙarshen 1965, mai ƙungiyar yana ganin shekara 30 ɗinsa sun riga sun yi masa nauyi. Robinson ya je Baltimore ya zo na ɗaya a ma'aunin bugu da tsallake katanga da kawo maki a kaka guda, ya kai su ga kofinsu na farko a 1966. Minnesota ta sallami David Ortiz a 2002 ba ta karɓi ko sisi ba, ya je Boston ya ɗauki kofi uku.

Fili ma yana da nasa hannun, kuma wannan wani abu ne da besbol ya bambanta da yawancin wasanni. Nisan katanga da tsayinta ba ɗaya ba ne daga gari zuwa gari, iska ma haka. Filin Colorado Rockies da ke Denver yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600. Iskar wurin ba ta da kauri, ƙwallo tana yin nisa idan an buge ta, kuma ba ta lanƙwasa sosai idan an jefa ta. Mike Hampton ya bar New York Mets da ma'aunin jifa 3.14 a shekarar 2000, ya karɓi dala miliyan 121 a Colorado, ma'auninsa ya haura 5.41, sannan 6.15. Da aka mai da shi Atlanta a 2003 ya sauko 3.84. Hannun bai canza ba, sararin da yake jifa a ciki ne ya canza. Shi ma Beltré, filin Seattle na wancan lokaci yana danne masu bugu da dama. Da ya koma Boston a 2010 ya buga 321, daga nan ya wuce Texas ya yi shekarun da suka kai shi zauren girmama gwarazan wasan a 2024. Shekara biyar ana kiransa asarar kuɗi, alhali rabin matsalar katanga ce da iskar teku.

Ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa shi ne na waɗanda ƙaura ta raya. Jake Arrieta ya yi shekaru a Baltimore da ma'aunin 5.46, masu horarwa suna ta gyara masa tsayuwa da salon jifa har ya rasa inda ya dosa. A tsakiyar 2013 aka yi musayarsa zuwa Chicago Cubs, suka bar shi ya koma yadda jikinsa ya saba jifa. A 2015 ya ci wasa 22 da ma'aunin 1.77, ya karɓi kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa. Gerrit Cole ya bar Pittsburgh da 4.26 a 2017. A Houston masu nazarin alƙaluma suka nuna masa cewa jifan da ke nutsewa ƙasa, wanda Pittsburgh ta fi so, shi ne ake yawan buge masa. Suka ce ya riƙa harba mai sauri ta sama, ya ƙara mai lanƙwasa. Ya sauko 2.88 a 2018, ya yi 2.50 a 2019, ya fitar da masu bugu 326 da jifansa kaɗai a kakar. A nan ƙaura magani ce, domin baiwar tana nan, wanda zai gane ta ne babu. Duk lokacin da na ga matashi yana ta fama a ƙungiya ɗaya shekara uku ko huɗu, tambayar da nake fara yi ita ce wa ke horar da shi, kuma me suke hana shi yi.

Shi wannan Arrieta, da ya cika shekarunsa ya sami 'yanci, ya tafi Philadelphia a 2018 yana ɗan shekara 32 kan dala miliyan 75. Ma'auninsa ya yi ta hawa kowace shekara har ya wuce 5. Musayar da aka yi da shi yana 27 ta ɗaga shi, tafiyar da ya yi da kansa yana 32 ta zo daidai da faɗuwarsa.

Idan aka juya aka dubi waɗanda suka yi sa'ar samun 'yanci da wuri, saboda sun shigo gasar tun suna yara, hoton yana canzawa. Greg Maddux ya bar Cubs zuwa Atlanta yana 26, ya ƙara Cy Young uku a jere daga 1993 zuwa 1995. Bryce Harper ya koma Philadelphia yana 26 a 2019, ya zama gwarzon shekara a 2021. Shohei Ohtani, ɗan Japan mai jifa da bugu duka, ya yi shekara shida a Angels bai taɓa shiga wasannin share fagen kofi ba. Ya koma Dodgers a ƙarshen 2023 yana 29 kan dala miliyan 700, a kakarsa ta farko ya tsallakar da 54 ya kuma saci tasha, wato ya ruga zuwa ta gaba ba tare da jiran bugu ba, sau 59, abin da ba wanda ya taɓa haɗawa, ya ɗauki kofi a 2024 da 2025. Akwai kuma 'yan kaɗan da suka gagari shekaru. Randy Johnson ya je Arizona yana 35 ya ci Cy Young huɗu a jere, Max Scherzer ya biya Washington dala miliyan 210 ɗinta har da riba. Irin waɗannan ne ke sa kowane mai ƙungiya ya yi zaton nasa tsohon zai zama na daban.

Ba zan ce ƙaura ba ta da nauyi a zuciya ba. Mutum ne ke tashi da iyalinsa, ya nemi sabon gida da makarantar yara, ya koyi halin sababbin abokan wasa, sannan ya fita gaban mutum dubu arba'in da suka san adadin albashinsa. Carl Crawford ya bar Tampa Bay, inda 'yan kallo ba su da yawa, ya shiga Boston a 2011 da dala miliyan 142 a wuyansa. Ya buga 255, jaridu suka yi masa ca, kuma daga baya bai ɓoye cewa zaman ya yi masa ɗaci ba. Francisco Lindor ya buga 230 a shekararsa ta farko a Mets a 2021, har suka yi 'yar tsama da magoya baya, amma ya murmure ya zo na biyu a zaɓen gwarzon shekara a 2024. Trea Turner yana kan 235 a farkon watan Agustan 2023, shekararsa ta farko a Philadelphia kan dala miliyan 300. Mutanen garin, da aka sani da saurin yi wa nasu ihu, suka shirya suka miƙe tsaye suna tafa masa duk lokacin da ya fito bugu. Daga ranar zuwa ƙarshen kaka ya tsallakar da 16, alhali 10 ya yi a wata huɗun da suka gabata, kuma ya sayi allunan talla a gari ya yi musu godiya. Abin lura shi ne irin wannan nauyi yakan sauka bayan wata shida ko shekara guda. Wanda ya yi ta raguwa shekara biyar a jere, ba baƙunta ke damunsa ba.

Saboda haka nake ganin zagin da ake yi wa ɗan wasan da ya karɓi babban kwantiragi sannan ya ragu bai dace ba. A shekarunsa uku na farko ƙungiya ce ke yanke masa albashi, kusa da mafi ƙarancin da yarjejeniyar gasar ta tanada, wanda ya kasance dala dubu 740 a 2024. A uku na gaba ana iya kai maganar gaban mai shiga tsakani, amma har yanzu ba farashin kasuwa ba ne. Kris Bryant ya zama gwarzon shekara a 2016, ya taimaka wa Cubs ta ɗauki kofin da ta yi shekara 108 tana jira, albashinsa a shekarar bai kai dala dubu 700 ba. Kafin nan, a 2015, ƙungiyar ta riƙe shi a ƙaramin rukuni na 'yan kwanakin farkon kaka, ta kira shi ranar 17 ga Afrilu. Da aka yi lissafi ya tashi da kwana 171 na aiki, ana bukatar 172 kafin a ƙirga shekara cikakkiya. Kwana ɗayan nan ya jinkirta masa 'yanci da shekara guda. Ya kai ƙorafi, bai yi nasara ba. Lokacin da ya isa kasuwa yana da shekara 30, Colorado ta ba shi dala miliyan 182 a 2022, ciwon baya ya kama shi, bai taɓa wuce wasa 80 a kaka ba tun daga nan. Yanzu ana lissafa shi cikin manyan asarori. Ba a cika jin mai lissafa ribar da aka ci da shi a shekarun da yake kan ganiyarsa yana karɓar albashin sabon shiga ba.

Ya kamata a faɗi cewa 'yan wasa ma suna da hannu a ginin wannan tsari. Marvin Miller da kansa bai so a saki kowa a kowace shekara ba, domin ya san idan kasuwa ta cika farashi zai karye. Taƙaita masu fitowa ne ya sa albashin manya ya yi tashin da ya yi. Cinikin ya yi aiki muddin ƙungiyoyi suna biyan tsofaffi abin da suka hana su suna yara. Amma yanzu kowace ƙungiya tana da ɗakin masu nazarin alƙaluma, sun san lissafin shekaru sarai, sun kuma rage sha'awar ba matsakaicin ɗan shekara 31 dogon kwantiragi. Taurari irin Ohtani da Juan Soto, wanda Mets ta ba dala miliyan 765 yana 26, suna samun nasu. Na tsakiya ne ke cin wuya, an biya shi kaɗan yana yaro, an kuma ƙi shi da ya girma.

A rikicin da ya sa masu ƙungiyoyi suka rufe gasar kwana 99 daga Disamban 2021 zuwa Maris 2022, ƙungiyar 'yan wasa ta nemi a ba wasu 'yanci bayan shekara biyar idan shekarun haihuwarsu sun kai wani mizani, daga baya ta janye. Cikin abin da ta samu akwai ƙarin mafi ƙarancin albashi da asusun dala miliyan 50 da ake raba wa matasan da suka yi fice. Wannan bai taɓa shekara shidan ba. Ra'ayina shi ne a rage ta zuwa biyar, ko a sa mizanin shekarun haihuwa da zai saki kowa kafin ya kai 29, a kuma toshe dabarar riƙe yaro 'yan kwanaki don a ci masa shekara. Masu ƙananan ƙungiyoyi irin Pittsburgh da Tampa Bay za su ce hakan zai sa su rasa taurarinsu da wuri, kuma kukansu yana da tushe. Amsarsa tana cikin yadda manyan ƙungiyoyi ke raba kuɗin shiga da ƙanana, wanda magana ce tsakanin masu kuɗi, bai kamata a ci gaba da cire ta daga aljihun ɗan shekara 25 ba. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2022 tana ƙarewa ne ranar 1 ga Disamban 2026, kuma masu ƙungiyoyi sun fi karkata ga neman a sa wa jimillar albashi iyaka. Idan 'yan wasa za su ba da wani abu a teburin, to su karɓi shekara guda ta ƙuruciyarsu a madadinsa.